Bitrus Ba Ganga Ba Ne

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya tattara tsofaffin wasannin gem na faɗa ya zuba su a faifai ɗaya.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Garba, mai gyaran wuta ne ni, ina zaune a Nasarawa, nan kudancin Kaduna. Na san da wuya ka ji Hausa, da wuya kuma jaridar nan ta kai teburinka. In ta kai, ka nemi tafinta. Na zaɓi in yi maganar a fili ne saboda ƙorafina a kanku yana ɗaure da wani laifi nawa. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To ni yau a kan nawa tudun nake tsaye, kuma na gaji da nuna kamar ban san da shi ba.

Na ɗaya, ba zan ci haƙƙinku ba, kun yi aiki. Ranar da na sa faifan na ji kiɗan nan na farkon wasa, sai da tsigar jikina ta tashi. Launin yana nan, ihun 'yan faɗan yana nan, kuma kana dannawa naushi yake fita, babu jinkiri. Wasannin yaran yanzu sai ka yi rabin awa kana kallon labari kafin a bar ka ka taɓa kowa. Waɗannan kuwa mutum biyu ne, fili ɗaya, wanda ya fi iyawa ya ci. Da tsohuwar zuma ake magani, a nan kam na yarda.

Na biyu, sai na ba ka tarihi kafin ka gane inda kuka cuce ni. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina aiki a wata masana'anta a Kudenda. A ɗakin cin abincin ma'aikata akwai injin gem mai tsayin firij, da sanda biyu na sarrafa 'yan faɗan, ta hagu da ta dama, kowacce da maɓallanta. Dokarmu a hutun rana ita ce wanda ya ci ya ci gaba da tsayuwa a gefensa, wanda aka ci ya matsa. Ɗakin aikinmu na masu wuta yana jikin ɗakin abincin, don haka kullum ni nake fara zuwa in kama hagu.

Babban abokin karawata shi ne Bitrus, mutumin Filato, yana sashen ɗaure kaya. Kullum wani tsoho mai farin gemu yake zaɓa cikin 'yan faɗan gem ɗin, wanda duk ƙarfinsa a tare duka yake, ya tare sannan ya rama. Kuma kullum sai na lallasa shi. Ya sha cewa sandar dama ba ta tarewa, in ya ja ta baya sai ta ga dama take amsawa. Wasu ma suka fara faɗin haka, har Mama Saratu mai abinci ta ba ni mabuɗin injin ta ce in duba, tunda aikina ne.

Na buɗe, na gani. Ɗan ƙaramin suwic ɗin da ke ƙarƙashin sandar ya cinye. Ina da sabo a akwatin kayan aikina, gyaran bai kai minti biyar ba. Na tsaya ina kallonsa, na tuna yadda ake tafa min in na shigo cin abinci, sai na mayar da murfi na ɗaure. Na ce wa jama'a inji lafiya lau yake, hannun Bitrus ne ke buƙatar gyara. Aka fashe da dariya. Wa zai yi musu da mai wuta a kan waya? A ranar wani ya laƙaba masa suna Ganga, wai don kullum cikin shan duka yake, ni kuma na fi kowa rera sunan.

Yallaɓai, suna ba ya tsayawa inda aka haife shi. Ranar bikin Bitrus, mai gabatarwa da Ganga ya kira ango a gaban surukansa. Masana'anta ta rufe, inji ya tafi hannun 'yan gwangwan, sunan bai tafi ba. Yau a unguwarsu Kamazou in ka tambayi gidan Bitrus sai a yi ta kallonka, amma in ka ce Baba Ganga, nan take za a nuna maka. Shi dariya yake yi, ban taɓa ganin ya ɓata rai ba. Abin da ya fi cina shi ne, da muka rasa aiki, shi ya riƙa kai ni gidajen mutanen cocinsu ina yi musu wayarin. Ko'ina shaidarsa ɗaya ce: Garba ba ya ƙarya a kan waya. Da wannan shaidar na ciyar da 'ya'yana.

Na uku, ga ƙorafin. Bara hawan jini ya kayar da Bitrus, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun dama kaɗai ya rage masa. Likita ya ce a riƙa sama masa abin da zai motsa hannu da tunani. Da na ga faifanku a kasuwa sai na ce Allah ya kawo min hanya. Zan kai masa, mu yi wasa a kan gaskiya, ya ci ni, in ya so daga nan in samu bakin faɗa masa. Na saya, na ari na'urar gem ɗin ɗana, na tafi wata Lahadi da rana bayan sun dawo daga coci.

Ashe a faifanku babu inda mutum zai sauya wa maɓallai aiki. Tafiya tana hagun fad, wato abin da ake riƙewa a danna, duka kuma yana dama, haka kuka kafe shi. Ni da 'yarsa Rifkatu mun bi kowane shafi na saiti, babu. Amma kun samu lokacin kawo zaɓi iri-iri na yadda allo zai yi dishi-dishi da layi-layi kamar tsohuwar talabijin. Kun tuna da tsufan allo, kun manta masu wasan ma sun tsufa. Wa kuke zaton zai sayi wasan da ya girmi 'ya'yansa, in ba mu masu hawan jini da ciwon gwiwa ba?

Bitrus ya ɗora fad ɗin a cinya, ya zaɓi tsohonsa mai gemu, ya miƙa babban yatsa nan, ƙaramin can. Sau uku abin yana zamewa ya faɗi. A na ukun ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce in rabu da shi, lokacin da yake da hannu biyu ma me ya tsinana, Ganga ai Ganga ne. A nan ya kamata in yi magana. Sai na ce bari in duba musu mita, na fita waje na tsaya gaban mitar da babu abin da ya same ta, har idona ya bushe. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Na huɗu, na yi iya ƙoƙarina kafin in dame ka. Mai shagon da ya sayar min da faifan ya ce shi sayarwa kawai yake yi. Na buɗe fad ɗaya da niyyar in karkato wayoyin zuwa gefe guda, na ƙone shi. Cikinsa ba irin na da ba ne, idona ma ba na da ba ne. Lokacin da gyara yake hannuna na ƙi, yanzu da nake so ya fi ƙarfina.

Saboda haka ina roƙonka, Yallaɓai, ka sa ma'aikatanka su ƙara wurin da mutum zai jera maɓallai yadda jikinsa ya ba shi dama, har mai hannu ɗaya ya iya tafiya, ya tare, ya rama. Ɗana ya ce irin wannan gyara ta intanet kuke turo shi, ba sai an sake faifai ba. In zai yiwu, ku hanzarta, don ban san kwana nawa ya rage wa waninmu ba. In kuma ba zai yiwu ba, ku faɗi gaskiya. Kada ku buɗe ku gani, ku mayar da murfi ku ce lafiya lau. Na san inda wannan hanyar take kaiwa.

Roƙona na gaba ga tsofaffin abokan aikinmu ne na Kudenda da mutanen Kamazou. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sandar dama ta injin nan ce ta lalace, kuma na sani. Don Allah a daina kiran bawan Allahn nan Ganga. Sunansa Bitrus.

Kai kuma ɗan'uwana, na san Rifkatu ce take karanta maka jarida. Gaskiyarka ce tun ranar farko. Ban taɓa cin ka a kan daidai ba, ko sau ɗaya, kuma ban san wa ya fi wani ba a tsakaninmu, domin ni na hana mu sani. Sabon suwic ɗin nan yana cikin akwatina har yau, a ledarsa. Ranar Lahadi ina tafe da shi. In ka ce in shigo zan shigo, in ka ce in tsaya a ƙofa zan tsaya. In gyaran ya iso, hagu taka ce, ni kuma hannu ɗaya zan sa.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, Yallaɓai, ya ba ka lafiyar hannu biyu har tsufa, ya kuma tsare ka da riƙe abin da gyaransa minti biyar ne har ya zame maka kayan shekaru. Allah ya ba Bitrus sauƙi, ya sa ya yafe min.

Wassalam.

Garba mai gyaran wuta,
Nasarawa, Kaduna.