Maganin da na miƙa wa mijin ƙanwata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kira ma ba na gaskiya ba ne. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In zagi ne ya zo muku ku yi, amma ku haɗa da shawara, don ita nake bukata kafin ranar Litinin.

Ni mace ce, na haura shekara sittin, haifaffiyar Bangui ta Afirka ta Tsakiya. Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyarmu, ni da ƙanwata Rabi. Ni ce na ɗan yi boko har nake karanta Faransanci, shi ya sa na samu aikin miƙa magani a wani ƙaramin farmasi a unguwar Kilomita Biyar. Rabi tun tana 'yar shekara sha huɗu take suma. Ba kullum ba, sai in wani abu ya firgita ta, kamar a buga ƙofa da ƙarfi ko tayar mota ta fashe kusa da ita. Sai ta zube, bayan ɗan lokaci ta farfaɗo tana tambayar me ya faru. A gida aka ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Bayan an sa ranar aurenta da Malam Sale, wani mai sayar da yadi, ta faɗi a gabana cikin farmasi. Mai wurin ya ce wannan ba iska ba ce, in kai ta asibiti cikin gari. Na kai ta ba tare da kowa ya sani ba.

Likitan ya manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane, ya daɗe yana aunawa. Daga nan ya yi mana bayani, ni kuma ina juya wa Rabi da Hausa. Ya ce naman zuciya ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace kuma a jikin bangonta akwai ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Gishiri iri-iri da ke cikin jiki ta nan yake shiga ya fita, shigar da fitar ne ke ba da wutar da zuciya take bugawa da ita. Wata ƙofa ta buɗe, wani gishiri ya kwararo ciki, zuciya ta buga. Wata ta buɗe, gishirin da ake kira fotasiyam ya fita, zuciya ta huta ta shirya wa bugu na gaba. Ya ce irin waɗannan ƙofofi suna cikin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ma, ko allurar kashe zafi ta mai cire haƙori rufe su take yi. Na Rabi masu fitar da fotasiyam ne ba sa aiki sosai, haka aka haife ta, kuma abin gado ne. Zuciyarta tana jinkirin shiryawa, in firgita ta zo kafin ta gama sai bugun ya rikice. Ya rubuta mata ƙwayar da za ta riƙa sha kullum, sannan ya ba ni wata takarda dabam mai jerin sunaye. Ya ce, "Madam, waɗannan magunguna ƙara toshe ƙofofin suke yi. Wani zai sha ya warke, ita in ta sha tana iya mutuwa. Ki nuna wa duk wanda zai ba ta magani."

A hanyar dawowa Rabi ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya, don girman Allah kada ki faɗa. In danginsa suka ji ciwon gado ne, sun fasa." Na ce ai mijinki ya kamata ya sani. Ta ce, "Bayan biki ni da kaina zan gaya masa." Aka yi biki, ba ta faɗa ba. Ta yi ciki, ba ta faɗa ba. Ni ma ban matsa mata ba, don me zan ɓata abin da yake tafiya lafiya? Duk wata ina kai mata ƙwayar, Malam Sale yana tsammanin maganin ƙarin jini ne. Takardar kuwa na sa ta a ƙasan akwatina, a gidana na unguwar Miskine.

Ta haifi 'ya mace, Zulai, jaririyar tana wata huɗu sojoji suka sake yin tawaye. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda aka yi: shinge a kowace mahaɗa, kasuwa a rufe, harbi da rana tsaka. Kaya suka daina zuwa farmasi, ƙwayar Rabi ta ƙare, ta yi kwana tara ba ta sha ba. Ni kuma rikicin ya rutsa da ni a Kilomita Biyar, ina kwana a gidansu. Sai zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, mai zafi, tana amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Da safe Malam Sale ya ce, "Yaya, ke ce likitarmu yau. Asibiti ba ya zuwuwa, ki taimaka." Muka lallaɓa ta lungu, na buɗe farmasin ta ƙofar baya. Akwai wani sabon maganin zazzaɓi da ake yayi a lokacin, kowa yana yabon saurinsa, saura kwali biyu. Na ɗauko ɗaya na juya shi, na karanta ƙaramin sunan da ke ƙasan babban, sai zuciyata ta ce mini kamar na taɓa ganin sunan nan. Wallahi ta faɗa mini. Daga nan zuwa Miskine bai kai tafiyar rabin awa ba, harbin kuma ya lafa a safiyar, na ga mata suna wucewa da gozo, garin rogo, a ka. Da na je na duba. Me ya hana ni? Tsoron harsashi ne? Ko tsoron Malam Sale ya tambaye ni wace takarda ce wannan? Har yau ban tantance ba. Na miƙa masa kwalin na ce, "Biyu yanzu, biyu da azahar, biyu da magariba." Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Shi da hannunsa ya ba ta, yana tallafe da kanta. Washegari da hantsi zazzaɓin ya sauka, ta fito tsakar gida tana shayar da Zulai, har ta ce tana sha'awar kunu. Sai wani abu mai nauyi ya faɗo can bayan unguwa, ƙasa ta girgiza. Rabi ta ɗago kai kamar za ta yi magana, ta kife a kan tabarma. Na janye jaririyar daga ƙarƙashinta. Muka yayyafa ruwa, muka jira ta farfaɗo kamar yadda ta saba. Ba ta farfaɗo ba.

Kowa ya ce firgitar bom ce, sojoji suka kashe ta. Bayan sadakar uku na koma Miskine na buɗe akwati. Sunan yana nan, layi na huɗu. Na ninke takardar na mayar, na fita na hura wuta na ɗora tukunya. Ban yi kuka ba. Mutane suna ta cewa Yaya akwai tawakkali, ni kuwa ba tawakkali ba ne, ba na jin komai ne kawai, kuma haka nake har yau. Ina zuwa biki ina zuwa makoki, duk ɗaya ne a wurina. Ni na raini Zulai, ni na aurar da ita. Da aka kore mu daga Miskine a wani rikicin da ya zo daga baya, na bar tukwanena da keken ɗinkina, amma na ɗauko takardar, ban kuma san don me ba. Malam Sale ya tsufa, bai daina zuwa gaishe ni duk Juma'a ba in an sauko daga Masallacin Koudoukou. Ba ya iya kallon mai kakin soja sai ya kawar da kai. Ni ce yake kira mai riƙon amana.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Makon jiya Zulai tana kishingiɗe da rana, waya ta yi ƙara kusa da kunnenta, ta zabura, ta suma. Ta farfaɗo, mijinta ya kai ta asibiti, aka manna mata wayoyin nan. Ta zo wurina da yamma tana magana rabi Hausa rabi Sango kamar yadda yaran yanzu suke yi. Ta ce, "Inna, likita ya ce awon bai fito sarai ba, yana kan iyaka. Ya tambaya ko a danginmu akwai wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi, ko mai yawan suma. Na ce babu, mamata bom ne ya kashe ta. Ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Bakina ne ya faɗa, ina jin sa kamar na wata. Ta ce ranar Litinin za ta koma, in ba a sami wani dalili ba za a sallame ta a ce gajiya ce, kuma tana so in raka ta.

Zulai tana da yara biyu. Damina ce, sauro ya yi yawa, a unguwarmu kuma in zazzaɓi ya zo ba wanda ke tambayar likita, wurin mai teburin magani a bakin titi ake aikawa. Na san abin da shiruna zai iya jawowa, na taɓa gani da idona. Na yi tunanin in je wurin likitan ni kaɗai, amma dole ya gaya mata inda ya samo labarin. Na yi tunanin in faɗi rabi, in ce uwarta tana da ciwon zuciya in tsaya nan. To Malam Sale ba yaro ba ne. Zai ce tun yaushe kika sani? Zai tuna safiyar nan da kwalin nan. Tsoho mai hawan jini, in ce masa abin da ya yi kusan shekara talatin yana ɗora wa sojoji, da hannunsa ya shiga bakin matarsa, ni kuma na miƙa masa? Zulai kuma in ce mata wadda ta goya ki ita ce ta raba ki da nono?

Ba tsoron su tsane ni nake yi ba, na duba cikina ban sami tsoron ba. Abin da ban sani ba shi ne ta inda zan fara, da wanda zan fara gaya wa, da ko akwai hanyar da zan tsare yarinyar nan ba tare da na kashe ubanta da baƙin ciki ba. Yau Alhamis. Gobe bayan masallaci zai zo ya zauna a kan kujerar da ya saba, ya ce, "Yaya, ina gajiya?"

Jama'a, me zan yi?