Na Huda Randar Inna Na Yi Sifika Da Ita

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk wanda zai karanta. A sakaya sunana, kuma sunayen da zan ambata ba na ainihi ba ne. Roƙona ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci, don na ga yadda kuke yi a nan, mutum bai rufe baki ba an riga an jefa shi wuta. Ni dattijo ne mai jikoki. Abin da nake fata a ce ban yi ba shi ne ramin da na huda a gindin randar mahaifiyarmu, da maganar da na faɗa ranar da aka ɗora wa wata laifin. Ɗaukar randar kuwa, har gobe ban ga laifina a ciki ba, kuma zan faɗa maku dalili.

Gyaran rediyo ne sana'ata a kasuwar Dutsin-Ma tun zamanin kaset. Da waya ta cinye sana'ar, ido kuma ya fara rauni, sai na tattara kayan aikina na dawo gida. Ɗana da ke aiki a Katsina ya aiko mani da talabijin mai faɗi, hoto tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma muryarta kamar sauro a gwangwani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin sauti zai zauna da wannan? Na ce silima zan haɗa a falona, da hannuna. Na samo katako na yanka akwatunan sifika, manya a gefen talabijin, ƙanana a bayan kujeru. Na cusa masu audugar rimi daga tsofaffin matasan kai don kada su yi ƙarar fanko, na toshe bakunan da gam, na farfaɗo da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da mai ita ya yi watsi da ita. Komai ya yi, sai abu ɗaya: amon ƙasa, wanda samari ke cewa bes, wanda kake ji a ƙirji kafin kunne. Duk akwatin da na yi masa sai ya riƙa karkarwa. Wanda ya san aikin ya san maganin wannan a wurinmu tukunyar ƙasa ce, ka kifa sifika a bakinta. Na sayi tulu, na sayi randar kasuwa, duk sirara ne, ginin zamani na sauri, suna zizar ƙudan zuma.

Sai na tuna da randar Inna da ke gidanmu na gado a Tamawa. Tsohon gini ce, kaurinta ya kai tafin hannu, babba har yaro na iya ɓuya a ciki. Bayan rasuwar Inna, yayarmu mace da ke aure a Kurfi, Yaya Hajara, ta ce kada a sa randar cikin rabo. A girke ta a zaure, a riƙa cika ta, duk mai wucewa ya sha, ladar ta je wa Inna. Aka ɗora cikawar a kan Lami, matar ƙanena marigayi, tunda ita ke zaune a gidan da 'ya'yanta. To ku ji gaskiya. Tun da aka gina famfo a bakin masallaci, wa ke shiga zaure neman moɗa? Ranar da na je, randar a bushe take ƙayau, yanar gizo a bakinta, kaza har ta yi ƙwai a gefenta. Wace lada ke zuwa wa Inna daga busasshiyar randa? Kuma Inna ta Yaya ce ita kaɗai? Ni a bakin hanya aka tsinto ni? Lami ta tafi suna Makera da yaran, ba kowa a gidan. Na naɗe randar da tsohuwar katifa, na ɗora a a-kori-kurar wani baƙon direba mai ɗaukar hatsi, muka taho.

Sifikar ta zauna a bakinta kamar tare aka gina su. Na yanka zoben katako, na sa robar taya a tsakani. Saura hanyar waya da ta numfashi, don in iska ba ta da mafita amon shaƙewa yake. Na ari injin huda, ina jiƙa wurin ina hudawa a hankali, jar ƙasa na zuba a kan ƙafata. Sai da ƙarfen ya faɗa ciki na gane randar nan ta gama riƙe ruwa har abada. Amma da na kunna, jama'a, aka yi tsawa a cikin fim ɗin, sai da kwanonin kabad suka amsa. Maƙwabcina ya leƙo yana duban sama ko hadari ne. Abokaina da ke zuwa kallon dambe suka ce ko gidan kallon bakin jami'a bai kai nan ba. Ba zan yi maku ƙarya ba, ban taɓa haɗa abin da ya kai shi ba.

Mai ɗakina ta gane randar tun ranar farko, ta wani ɗan ɓalli a leɓenta. Ta ce in mayar, na ce ta kula da tukwanenta. Tun daga nan ba ta zama a falon in an kunna. In amon ya bugo bango sai ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Malam, ga Inna nan tana yi maka faɗa."

Bayan babbar Sallah muka taru a Tamawa kamar kullum. Yaya na shiga zaure ta ga gurbi a ƙasa, ba randa. Lami ta ce ita ma dawowa ta yi ta tarar babu, ta ɗauka Gwaggon yara ce ta aiko aka ɗauka, kunya ta hana ta tambaya. Yaya ta tambaye ta ko randa ƙafa take yi. Ta ce ai fasawa Lami ta yi ta binne ɓaraguzan, tun da can ƙyashin cika ta take. Lami na rantsuwa tana kuka, Yaya ta juyo gare ni ta ce, "Mai Rediyo, kai ne namiji a gidan nan, me ka gani?" Da na yi shiru ma da sauƙi. Sai na ji bakina ya ce gidan da awaki ke yawo har zaure, me ba zai fashe ba? Na faɗa ne don a bar maganar, a ce awaki ne, kowa ya huta. Na san Yaya za ta riƙe ta hujja? Ranar ba ta taɓa tuwon Lami ba, da yamma ta sa aka mayar da ita Kurfi, kuma ba ta sake taka gidan ba.

Na ce lokaci zai wanke, ai ƙasa ce ba zinariya ba. Ashe ban gama sanin yayata ba. Yanzu an sa ranar auren Maryam, babbar ɗiyar Lami, kuma ni ne waliyyi. A danginmu gwaggo ce ke sa wa amarya lalle, ita ke riƙe hannunta ta kai ta ɗaki ta damƙa wa dangin miji. In babu gwaggo alhali tana raye, sai an tambaya, kuma tambayar kan bi yarinya har gidan aurenta. Yaya ta aiko cewa ba za ta zo ba sai Lami ta je ta amsa da bakinta cewa ita ta fasa. Ba biya take so ba, amsawa kawai.

Shekaranjiya da la'asar Lami ta zo gidana da ƙullin daddawa. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da randar, wadda na lulluɓe da zanen tebur na ɗora fulawar roba a kai. Bayan gaisuwa ta ce, "Baffan yara, na yanke shawara zan je in ce ni na fasa. Marainiya ce, ba zan bari a kai ta ba gwaggo ba. Tambayata ɗaya, tunda na riga na rantse ban fasa ba, Allah zai kama ni da wannan ƙaryar?" Mai ɗakina na tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa, ta kafe ni da ido. Kun san abin da na ce? Na ce malamai sun ce ƙaryar sulhu ba laifi ba ce. Lami ta yi mani godiya, har da addu'ar Allah ya bar mana manya. Mai ɗakina ta dangwarar da kofin ta fita. Da baƙuwa ta tafi sai mai ɗakin nawa ta ce mani ko in faɗa ko ta faɗa, kuma tun ranar a rufe take turo mani abinci ta hannun jika.

Na san abin da za ku ce, tashi ka je Kurfi ka faɗi gaskiya. Faɗa da baki ai sauƙi gare shi. Kun san Yaya? Kafin in kai bakin titi labarin ya riga ni Dutsin-Ma. Ni da zan zauna gaban surukai in ba da aure, a riƙa nuna ni da leɓe ana cewa ga wanda ya sace sadakar uwarsa don kallon dambe? Sata kuma ta yaya, kayan uwata? Su da suka bar ta ta bushe ba wanda ya ce masu uffan, sai ni da na share ta nake goge ta kullum? Ko na mayar, ramin fa? Na san siminti zai toshe shi, amma zai riƙa tsattsafo, kuma idon Yaya ba ya kuskure. Sannan abin da na fi jin kunyar rubutawa: ba na son rabuwa da ita. Jiya na ɗauko sukudireba zan kwance sifikar, na tsaya, na mayar da shi aljihu.

Amma Lami fa? Ranar Juma'a za ta hau mota zuwa Kurfi, ta durƙusa gaban Yaya ta ce ita maƙaryaciya ce mai rantsuwar banza, kuma sunan zai bi ta a dangi har ta mutu. Ni na ba ta fatawar, ni kuma ta roƙa in raka ta, don Yaya ta fi jin maganata. Na ce to.

Ku masu sha'awar haɗa sauti, ku nemi tukunyarku a kasuwa ko da za ta yi ziza, kada ku taɓa abin da dangi suka ajiye da sunan mamaci, in kuma kun taɓa kada ku bari a tambayi wani a gabanku. Zagi kuma ku riƙe abinku, ina da mai yi mani a gida. Shawara nake nema. Juma'a in shiga motar nan ni da Lami kaɗai, ko kuwa da randar naɗe cikin katifa a bayanmu? Me zan yi?