Shayin Yaya Mamman

Daren Juma'a, Faskari

Yau a kasuwar Yankara wani Buzu ya ba ni shayi iri uku na ɗanɗana. Mai citta ya cika yaji, mai na'ana'a ba laifi. Na ukun ya sanyaya shi a randa, da kanumfari da 'yar tsamiya. Ina kurɓa na gane shi. Yayana Mamman kaɗai na sani da wannan haɗin.

Na ce, "Malam, wa ya koya maka?"

Ya ce, "Wani Bakatsine mai ɗingishi, bara, a Agadas."

Shekara shida da aka ce mana Yaya ya rasu a hanyar Makka. Shi ma yana ɗingishi.

Inna ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo. Na ce mata zazzaɓi ne.