Farfesun Doña Chayo

Gaisuwar girma daga sadaukinku Tanner, mai wa'azin El Paso, zuwa ga jama'ar gidan Haslam kaf: Baba, Mama, Kaka, har ɗan maraƙin da kuka sa wa sunana. Ya Idaho, ya gonar dankali? Ni garau nake. Wata takwas ban yi wa kowa baftisma ba, amma ba laifina ba ne.

Laifin sakaran da aka haɗa mu wa'azi ne, Elda Bybee. Sifaniyancin mutanen nan a bakinsa kamar ruwa, hankali kuwa kaza ta fi shi. Wata uku muna lallaɓar wata tsohuwa, Doña Chayo, ta zo coci. Ran Talata ta zubo mana farfesun tumbi ja wur da barkono. Ko jariri ya san ba a raina girkin tsohuwa. Gogan ya faki idonta, ya naɗe tumbin a takarda ya cusa a jakarsa. Karenta ya bi ƙanshi ya zazzage jakar a tsakar ɗaki.

Ta ce, "'Ya'yana, haka cocinku ta koya muku? Ga ƙofa nan."

Na ce, "Iya, rabu da shi, cikin jarirai gare shi. Ƙaro min!"

Kwano huɗu na share, ina hawaye ina yabo. Ta ce Lahadi za ta zo.

Yau kwana uku ina zumunci da banɗaki. Shi kuma yana gadin ƙofa, tunda dokar coci ta hana mu rabuwa. Maganinsa ke nan.

Mama, ki aiko min maganin ciki, babbar kwalba, kafin Asabar ta sama. Tsohuwar ta ce tunda ina so, tukunya guda za ta dafa min a ranar.