Na Sayi Tayoyi Huɗu, Ban Sayi Motar Ba Tukuna

Malam mai wannan fili, a taimake ni da shawara, domin kwana goma ke nan na kasa zama wuri ɗaya. A yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na shiga ajin yamma na manya, amma da hannuna na rubuta wannan.

Ni tsohon kafinta ne. Wata biyu da suka wuce autata ta haihu, Allah ya ba ni jika mace bayan jikoki maza biyar. Ranar da aka faɗa mini a waya, takalmi ɗaya na sa na fita gaya wa maƙwabta. Ina kiranta amaryata, ko da yake har yau a hoto kawai muka gaisa.

Surukina ma'aikacin gona ne, suna zaune can bayan tsaunuka. Daga inda kwalta ta ƙare akwai tafiyar awa biyu cikin duwatsu da kwari, kuma da ruwan sama ya kankama hanyar takan rufe wata huɗu, sai manyan motoci. To, na ƙera wa yarinyar gado. Ban sa masa ƙusa ko ɗaya ba, tsaga da gam ne kawai, irin aikin da maigidana ya koya mini, don haka ba ya kwancewa, ba ya hawa babur. Idan damina ta riga ni, kafin hanya ta buɗe yarinya ta fara kama abu tana miƙewa, gadon ya zama na ajiye wanki.

Shi ya sa na ƙudura sayen ƙaramar jif, tsohuwa, mai jan ƙafa huɗu, in ɗaga ta, in sa mata manyan tayoyi, in riƙa zuwa duk lokacin da raina ya so. A nan na yi abin da mai ɗakina ke yi mini dariya a kai. Na ga tayoyi huɗu masu manyan haƙora a kasuwa, na saye su tun ban ga mota ba. Suna nan ɗore kan juna a falo. Ita kuma ta ɗora faifai a kan ta sama tana shanya barkono, ta ce ko ba komai na sayo mata tebur.

Yanzu motoci biyu na gani. Ta farko ja ce, tana sheƙi, tsohon mai ita ya riga ya ɗaga ta, tayoyina za su shige ta. Na je da tef na auna bayanta, gadon zai zauna daidai idan aka kwantar da kujeru. Sai dai da na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, na ga an shafe ko'ina da baƙin fenti mai kauri, sabo fil, har yana kama yatsa. Na ce a kai ta kan ramin bakanike, dillalin da ke sayar da ita ya ce ba shi da lokaci, akwai wani mai zuwa ɗaukarta jibi. Ta biyu kuwa mummuna ce, fentinta ya ƙoƙe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, ba a taɓa ɗaga ta ba, tayoyina sun yi mata girma. Mai ita ya ce in kai ta duk ramin da nake so.

Surukina, cikin ladabi, ya ce in bari. Autata ta ce ba za ta sa jaririya cikin motar da ake hawa da tsani ba. Mai ɗakina ta tuna mini cewa tuƙin da na sani na kwalta ne, lokacin da nake kai wa mutane kujeru. Ni kuma kullum da safe sama nake kallo, jiya har na ga hadari ya taso ta gabas. Ga jibin dillali tana matsowa. Malam, in ɗauki jar?

Kakan Amarya

Baba, barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya amarya. Rubutunka kuma ba ya bukatar neman afuwa.

Kada ka ɗauki jar. Kai da ka yi shekaru kana ƙwanƙwasa katako kafin ka saya, da wani ya kawo maka wanda aka shafe da fenti ya hana ka taɓawa, me za ka ce yana ɓoyewa? Tsatsa ita ce garar ƙarfe. Idan ta ci shasi, wato ƙashin da ke ɗauke da motar duka, sheƙin sama ba zai riƙe ka a kan dutse ba. Wataƙila lafiyarta ƙalau, amma wanda ya hana rami ya riga ya amsa maka. Bar wa mai zuwa jibi.

Burinka ba wauta ba ne. Ƙaramar jif mai lafiya za ta yi maka amfani shekaru. Ka kai mummunar kan rami tare da bakaniken da kai ka zaɓa, ka tafi da ƙaramar gudumarka ka bi shasin kamar yadda kake bin katako. A sa giyar ƙafa huɗu a kan ƙasa, ka ga dukkansu suna ja. Idan ta ci jarrabawa, fara da birki da sitiyari da ƙofar nan mai igiya.

Iyalinka ma suna da gaskiya. Ƙaramar mota idan aka ɗaga ta da yawa takan yi saurin kifewa a kwana, manyan tayoyi kuma suna wahalar da birki da giya. Ka yi musanyar naka da masu haƙora daidai ƙafarta, ka tuƙa ta yadda take har ta saba da hannunka. Zuwan farko surukinka ya zauna a gefenka, kuma kada ka taɓa shiga ruwa mai gudu.

Duk wannan zai ci watanni, gado kuwa ba zai jira ba. Ka raba maganar biyu. Cikin makon nan, tun ƙasa na bushe, ka ɗauki hayar motar kaya da direban da ya san hanyar, ka naɗe gadon da bargo, ka sa Mama a gaba. Amarya ba ta san launin mota ba, hannun kakanta take jira. Allah ya kai ku lafiya, ya sa ta yi barci mai daɗi a gadon da ba shi da ƙusa.