Gabas ɗin da na ce miki, Mimi

Harra ta Yamma, Madina
9 ga Sha'aban, 1422

Assalamu alaikum, 'yata Mimi. Ina fata kina lafiya, ke da mamanki. Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar maigidana, kawunki Siddiq, da ke ta ciwo. Allah Ya jiƙan babanki Lurwanu, ƙanena.

Wasiƙarki ta iso da hotunan garinku Manazuru. Na ga kwale-kwalen masunta, da tashar jirgin ƙasan da kike hawa zuwa aiki a garin Odawara, da duwatsun nan uku da ke tsaye cikin teku. Kika rubuta cewa tun rasuwar babanki, shekara biyu ke nan, su kike fuskanta kullum ki yi salla ki yi masa addu'a, don ta can rana ke fitowa. Wallahi da na karanta sai da na zauna. Laifina ne. Ran da kika tambaye ni a waya ina za ki kalla, na ce miki gabas, kika je kika duba ƙamus. Mu Hausawa alƙibla muke ce wa gabas, don daga Kano Makka tana gabas. Ni da ke sallata ina kallon kudu a nan, har yau gabas nake cewa, bakin tsohuwa! Kawunki ya auna taswira, ya ce taku alƙiblar yamma ce, a ɗan karkata arewa, wajen tsaunukan Hakone. Tekun nan a bayanki ya kamata ya kasance.

Tsorona ɗaya ne. Na san zuciyar gidanmu, kada ki ce an yi asara ki naɗe dardumar ki ajiye. Kusa da mu akwai Masallacin Ƙiblataini. Sahabbai sun fi shekara suna fuskantar Ƙudus, da umarni ya zo suka juya suna tsakiyar salla, kuma Allah bai zubar musu da ko raka'a ɗaya ba. Na tambayi wani malami a Harami, ya ce ba ki da laifi, addu'arki kuwa ba ta ɓata hanya. Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Kawunki da yarana Khaulat da Haidar suna gaishe ki. Ki gaishe da mamanki da kyau. Yau ki juya dardumar kawai, Mimi, kada ki ɗauke ta. Babanki ba shi da mai yi masa addu'a a can ƙasar taku sai ke.

Goggonki,
Hajo