Koren Ruwan Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya ɗinki, ya yara? Yaya, yau murna ta hana ni zama! Malami ya amince da aikina na kammala karatu. Kin tuna kwalbar koren ruwan tafki da na bari a tagarki, kusa da tukunyar wake mai fure? Wadda kika kira ƙazanta? Bakteriya ne a ciki, na ga irinsu a madubin likita, a jere kamar carbi. Ba saiwa, ba ganye, amma da hasken rana suke haɗa abincinsu, daidai da waken. Shi sai ya yi fure ya yi iri, su kuwa rabewa biyu kawai suke yi. Su biyun zan ajiye gaban malamai gefe da gefe. In babu su, sai baɗi zan gama. Ki ba direban motar garinmu ya kawo min su.

Autarki

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Na yi baƙi, kunya ta kama ni, na wanke kwalbar da sabulu, yanzu maɓallai ne a ciki. Ruwan na juye a tsohon bahon ƙarƙashin famfo. Ni ina na san ƙazanta na da digiri? Wallahi raina bai yi daɗi ba. Waken dai yana nan ƙalau.

Yayarki

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na sha kuka na ƙoshi, sannan na yi tunani. Kada kowa ya taɓa bahon nan! Ki ja shi rana, ki bar shi da ruwansa. Ko kaɗan suka rage, za su tashi.

Auta

Autata,

Albishirinki! Baho ya yi kore shar! Yara har rawa suka yi, babansu ya ce mun zama makiyayan gansakuka. Na cika miki kwalba biyu, suna hannun direba. Don zumuɗi na fito da waken tsakar gida, na ajiye shi gefe da gefe da bahon yadda kika ce, in ga abin da kike gani. Na shiga amsa waya, akuyar maƙwabta ta shigo. Bahon ko kallonsa ba ta yi ba.

Auta, shi wake ba ya rabewa biyu ko kaɗan?

Yayarki mai neman afuwa